Bishiyar Kirsimeti a Dar Salam: Ta Roba ko Mai Rai?

Duk watan Disamba sai gardama ta tashi a Turai da Amurka kan bishiyar da za a kafa a falo don bikin Kirsimeti: wadda aka saro daga gona, ko ta roba? Gardamar takan iso har Dar Salam, babbar unguwar nan da ke yammacin Omdurman a ƙasar Sudan, sai dai kafin ta iso ta sauya kama.

Dar Salam ta cika ne da mutanen da fari da yaƙi suka koro tun daga shekarun 1980, daga Kordofan da Darfur da kudancin ƙasar. Da yawa daga 'yan kudu da mutanen tsaunukan Nuba Kiristoci ne, suna zaune katanga ɗaya da Musulmi, har da Hausawan da kakanninsu suka biyo hanyar hajji. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 an daina ba da hutun Kirsimeti ga kowa da kowa, sai a 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta dawo da shi. Kiristoci Kibɗawa kuwa nasu bikin ranar 7 ga Janairu yake.

Al'adar kafa bishiyar daga Jamus ta fito, tun wajen ƙarni na 16, ta kuma bazu bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta a gindin tasu a 1848. Itacen da ake amfani da shi na ƙasashen sanyi ne, mai ganye kamar allura, kuma yakan yi shekara 7 zuwa 10 a gona kafin ya kai mita 2. A can noma shi ake yi kamar yadda ake noman rake, ana sara ana dasawa. A yankin Khartoum, inda Dar Salam take, fa? Ruwan saman shekara guda bai cika kaiwa milimita 200 ba, zafi kan haura digiri 40 a watan Mayu, ko a Disamba ma da rana yakan kai 30. Wannan itace ba zai rayu a nan ba. In an ɗauko shi daga waje, kafin a je ko'ina ya bushe, busasshen itace kuma kusa da kyandir, a unguwar da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, neman gobara ne.

Saboda haka ta roba ce ta samu kasuwa. Ita ma Jamusawa ne suka fara ƙirƙiro ta a ƙarni na 19, da gashin dinya da aka rina kore. Yau yawanci daga Sin ake kawo ta, an yi ta da roba da waya, tana zuwa a naɗe cikin kwali. Ba ta neman ruwa, kuma a Dar Salam, inda gidaje da yawa ke sayen ruwa a wurin masu amalanken jaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tana da nata aibin. Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa bishiyar roba mai tsawon mita 2 tana jawo kusan kilo 40 na iskar da ke ɗumama duniya, alhali ta gaske da aka jefar a juji ba ta wuce kilo 16 ba, in kuwa an ƙona ta ko an daddatse ta sai ya sauko zuwa 3.5. Ke nan sai ta roba ta yi wajen shekara 10 ana amfani da ita kafin ta biya bashinta. Ga ƙurar habub da ke shiga ko'ina, ga rana mai gasa roba har ta riƙa karyewa. Wanda ya bar tasa a tsakar gida ko kan rufin ɗaki, da wuya ta ga Kirsimeti uku. In ta lalace kuma mafi yawan mutane cinna mata wuta suke yi a bola, hayaƙin irin wannan robar kuwa guba ne ga huhu, musamman na yara. Wannan gargaɗi ya shafi furannin roba da muke jibgewa a ɗakin amarya, da kayan adon da ake ratayawa lokacin Mauludi.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne a je a sare dalbejiya ko gabaruwa don adon mako biyu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 gas ɗin girki ya yi wuya, mutane suka koma itace da gawayi, bishiyoyin birnin suka sha gatari. Inuwar da ta rage ta fi ƙarfin a yi ado da ita.

Mai ta roba ya riƙe abarsa, ya kakkaɓe ta, ya naɗe, ya mayar kwali, ya ajiye a inuwa har baɗi. Wanda bai saya ba tukuna, shawarata ya nemi ɗan dashen lemun tsami ko dalbejiya a tukunya, yara su rataya masa takardu masu launi da 'yan fitilu marasa nauyi, bayan biki a dasa shi a ƙofar gida. Sai an kewaye shi da ƙaya ko tubali saboda awaki, kuma a shekarar farko yana son ruwa a kai a kai. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi ya wadatar, muddin ba sabulu a ciki.