Fasfonka ba jinginar kafili ba ne

Tun da hukumar FIFA ta bai wa Saudiyya damar karɓar gasar cin kofin duniya ta 2034 a watan Disamba na 2024, dillalan aiki suka samu sabuwar haja. Ana ta raɗe-raɗin cewa ana ɗibar leburori da direbobi da masu gadi, kai dai ka kawo kuɗin ejan da fasfo. Aikin kam za a yi shi, don ƙasar ta yi alƙawarin filayen wasa 15 a Riyadh, Jidda, Khobar, Abha da Neom. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da ke bin wannan talla, wadda har manya masu furfura ke maimaitawa: wai ma'aikaci ne ke biyan kuɗin ɗaukarsa, kuma idan ya sauka kafili zai karɓe fasfonsa ya ajiye, don haka dokar can take.

Kafala kowa ya san ta: izinin zamanka da na aikinka suna rataye a wuyan wanda ya kawo ka. To amma a ina aka rubuta cewa fasfonka nasa ne? Babu. Saudiyya ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa, kuma dokar ƙwadagonta ta ɗora masa kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na iƙama wato izinin zama, da na lasisin aiki, da tikitin komawa gida idan kwantiragi ya ƙare. A Qatar tarar ƙwace fasfo tana kaiwa riyal 25,000, kuma karɓar kuɗin ɗauka daga hannun ma'aikaci haramun ne a dokarsu. Wanda ya ce maka "haka doka take", ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai yana cin riba da jahilcinka.

Wasu za su ce ai ajiya ce, don kada ya ɓata. Ajiyar da ba za ka iya karɓa ranar da ka ga dama ba, sunanta tarko. Ka dubi yadda abin ke tafiya. Saurayi ya sayar da gona ko babur, ko mahaifiyarsa ta ci bashi, aka biya ejan. Ya sauka, aka karɓe fasfo tun a mota kafin a kai masauki. Ƙarshen wata ya ga albashi bai kai wanda aka faɗa masa a gida ba. Ina zai dosa? Bashi na jiransa a baya, takardarsa na cikin durowar wani, idan ya fita kuma a kai rahotonsa cewa ya gudu, abin da ake kira hurub, yana iya zama wanda 'yan sanda ke nema. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa riƙe takardu da ɗaure mutum da bashi cikin alamomin aikin tilas. Abin takaici, mu ne ke kiran wannan "sa'a", har a yi walima ranar tafiya.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. An bai wa Qatar gasar 2022 tun 2010, amma sai da duniya ta yi mata ca kafin a taɓa doka. A 2018 aka soke izinin fita ƙasa ga yawancin ma'aikata, a 2020 aka soke takardar amincewar kafili kafin canza aiki, a Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi ya fara aiki: riyal 1,000, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai samar ba. Duk da haka shugaban kwamitin shirya gasar, Hassan Al Thawadi, ya faɗa da bakinsa cewa ma'aikata tsakanin 400 zuwa 500 sun mutu a ayyukan da suka shafi gasar. Saudiyya ma ta sassauta kafala a Maris na 2021, sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma a nan 'yan uwanmu da dama suke, musamman mata masu zuwa aikatau. 

Idan ka ƙudurta tafiya, fara da tambayar lasisin ejan. A Najeriya Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayar da shi, kuma wanda ya fara kame-kame, ka tattara takardunka. Kada ka yarda da bizar Umra a matsayin hanyar aiki. Ƙarshenta zaman takari ne da kamu da koro. Ka nemi kwantiragi a rubuce tun kana gida, ka kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta maka sannu a hankali, domin idan aka je gaban hukuma rubutun Larabcin ake bi, ko da na Turancin ya faɗi wani abu daban. Ka duba sunan da ke kan takardar. Sau da yawa babban kamfanin Turai ko na Sin da ke gina fili ba shi ne ya ɗauke ka ba. Wani ƙaramin kamfanin samar da leburori ne a ƙasa da shi, kuma shi za ka bi haƙƙinka. A Saudiyya ana yi wa kwantiragin ma'aikatan kamfani rajista a manhajar Qiwa, na 'yan aikin gida kuma a Musaned, don haka ka tabbata naka na ciki kuma adadin albashin ya yi daidai.

Ka ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi, ka bar kwafi a hannun wani a gida. Duk kuɗin da ka bayar ka karɓi rasit, don a Qatar an sa wasu 'yan kwangilar filayen wasa mayar wa ma'aikata kuɗin ejan da suka biya. Ka riƙe lambar ofishin jakadancin Najeriya a Riyadh da ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ka kuma sani cewa a Saudiyya daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Ejan da ya karɓi kuɗi ya aika 'yarka inda ba a jin ɗuriyarta kuwa, a kai ƙararsa hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, a daina cewa ɗan unguwa ne a rufa masa asiri.