Idan ma'aunin mai gyara ya kauce: Yadda ake daidaita tsohuwar na'urar awon zangon rediyo

Duk ɗan kasuwar hatsi a Dambatta ko Bichi ya san mudun da ya lotsa sai ya cuci wani. Haka tsohuwar na'urar awon zango take a hannun mai gyaran rediyo: idan ta kauce, duk abin da aka saita da ita ya kauce.

Mudun wannan na'ura ɗan dutse ne mai suna kwatz, irin na agogon hannu. Na agogo yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, na na'urar kuwa galibi sau miliyan 10. Da yake zafi da sanyi suna sauya kaɗawarsa, akan rufe shi cikin ɗan akwati mai ɗumama kansa, wajen digiri 70 zuwa 80, domin hunturu da bazara su zama ɗaya a wurinsa.

Kaucewar iri biyu ce. Idan awon yana hawa da sauka tsakanin asuba da azahar, ɗumamar ce ta lalace: a duba abin da ke auna zafin, da tsofaffin kafasito, da soson da ke riƙe ɗumi. Idan kuwa yana zamewa gefe guda sannu a hankali, dutsen ne ya tsufa. Sai a murza ɗan kushin saiti, ana gwadawa da siginar GPS.

Sharaɗin aikin haƙuri ne. A bar na'urar kunne aƙalla kwana guda kafin a taɓa ta. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a haɗa ta da batir da sola, domin wanda ya saita ta da sanyi, gobe ma sai ya sake.