Ƙwallon Amurka: Ƙarshen makon da ɗalibai suka sha gaban ƙwararru

A ƙasar Hausa, da zarar an gama yankan gero an cika rumbuna, sai a jiyo ganga na kiran 'yan kokawa. Haka abin yake a Ajekoriya da sauran garuruwan yankin Dakoro na jihar Maraɗi, inda samari ke gwada ƙwanji a dandali, gari ya kara da maƙwabcinsa. To, su ma Amurkawa suna da irin wannan al'ada. Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba suke bikin godiya, wanda asalinsa murnar kaka ce, kuma daga ranar har zuwa Lahadi babu abin da ke ɗauke musu hankali kamar ƙwallon nan nasu na zari-ruga. Mun zaɓi ƙarshen makon bikin na shekarar 2024 ne domin mu duba sakamakonsa, saboda a kwanaki huɗun nan an ga kusan duk abin da wasan ya ƙunsa: kuɗi da kora da faɗa, da kuma darasin da ya shafe mu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, 'yan wasa 11 ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 100. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili yana da maki 6, wanda ya buga shi ya wuce tsakanin sanduna yana da maki 3. Ana yin zubi huɗu na minti 15, kuma kowace ƙungiya tana da ikon tsayar da agogo sau uku kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa.

Sakan 30 da suka ci aikin koci

Tun daga 1934 ƙungiyar Detroit Lions ke karɓar baƙi a ranar bikin. A ranar 28 ga Nuwamba ta doke Chicago Bears da ci 23 da 20, bayan ta yi shekara bakwai a jere tana shan kashi a irin wannan rana. Sai dai ba nasarar ce ta fi jan hankali ba. Saura kusan sakan 30 a tashi, ƙwallo yana hannun Chicago, tana kuma da sauran dama ɗaya ta tsayar da agogo, amma kocinta Matt Eberflus ya zuba ido har lokaci ya ƙare. Washegari aka sallame shi, wanda shi ne karo na farko da ƙungiyar, wadda aka kafa tun 1920, ta kori koci ana tsakiyar kakar wasa. A sauran wasannin ranar, Dallas ta ci New York Giants 27 da 20, Green Bay kuma ta lallasa Miami 30 da 17.

Ranar Juma'a Kansas City Chiefs ta sha da ƙyar a hannun Las Vegas Raiders da ci 19 da 17, bayan ƙwallo ya suɓuce wa 'yan Raiders a daidai lokacin da suke dab da ƙwace wasan. Da daddare kuma jami'ar Georgia da maƙwabciyarta Georgia Tech suka yi kare jini biri jini. Georgia Tech ce ke gaba da 17 da nema a hutun rabin lokaci, amma sai da aka shiga ƙarin lokaci har sau takwas kafin Georgia ta tsira da 44 da 42.

Gaba da gabanta

Babban wasan makon shi ne na ranar Asabar, 30 ga wata, a birnin Columbus, tsakanin jami'ar Ohio State da ta Michigan, waɗanda suke hamayya tun 1897. Ohio State ta shiga fili tana matsayi na biyu a duk ƙasar, da nasara 10 cikin wasa 11, kuma rahotanni sun ce kuɗin tallan da aka tara wa 'yan wasanta a shekarar sun kai kimanin dala miliyan 20. Ita kuwa Michigan ta ci shida ta faɗi biyar, babu mai yi mata zaton kai labari. A gaban 'yan kallo fiye da 100,000, saura sakan 45 a tashi, Dominic Zvada ya buga ƙwallo ta tsakanin sanduna, Michigan ta ci 13 da 10, karo na huɗu ke nan a jere.

Abin bai tsaya nan ba. 'Yan Michigan sun ɗauko tutarsu za su kafa a tsakiyar filin masu gida, nan take faɗa ya kaure, har sai da 'yan sanda suka fesa ruwan barkono kafin a raba. Hukumar gasar ta ci tarar kowace jami'a dala 100,000, magoya bayan Ohio State kuwa suka riƙa kiran a kori koci Ryan Day. Duk wanda ya taɓa ganin an kada gwanin gari a gaban makaɗinsa, ya san irin wannan zafi. A daren ranar ne kuma jami'ar Texas ta doke Texas A&M da 17 da 7, a haɗuwarsu ta farko tun 2011.

Ranar Lahadi ƙwararru suka dawo. Philadelphia Eagles ta bi Baltimore har gida ta ci 24 da 19, Buffalo kuma ta casa San Francisco 35 da 10 a cikin dusar ƙanƙara. Amma har a wayewar garin Litinin, zancen ɗaliban nan ne a bakin mutane. Hausawa na cewa faɗuwar gaba asarar namiji: Ohio State ta tattara kanta, ta ci wasa huɗu a jere, ta ɗauki kofin ƙasa a ranar 20 ga Janairun 2025 da ta doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta. Ita ma Eagles ta ɗauki kofin ƙwararru a ranar 9 ga Fabrairu, inda ta ci Chiefs 40 da 22.

Me ya sa Asabar ta zama ta ɗalibai?

Mai karatu zai lura babu wasan ƙwararru ko ɗaya a ranar Asabar ɗin. Wannan ba dace ba ne, doka ce. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1961, wadda aka faɗaɗa a 1966, ta sa hukumar NFL ba ta nuna wasanninta a talabijin daga ƙarfe shida na yammacin Juma'a zuwa ƙarshen Asabar, tun daga tsakiyar Satumba har tsakiyar Disamba, matuƙar akwai wasan sakandare ko na jami'a a tazarar mil 75. Dalili ke nan da ya sa aka fara wasan Chiefs da rana. Ma'ana, daren Juma'a na 'yan sakandare ne, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Haka kuma ƙungiyoyi 32 na NFL ba sa ɗaukar matashi sai ya yi shekara uku da gama sakandare, don haka kusan kowane tauraro ta makaranta ya biyo.

Ta wannan tsani ne 'yan Najeriya suka hau. Christian Okoye, haifaffen Inugu, jifan faifai ya kai shi jami'a a Amurka, amma a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL, da yadi 1,480. Osi Umenyiora ya ci kofi sau biyu da Giants, a 2008 da 2012, shi ne kuma ya shige gaba wajen kawo sansanin neman matasa a Gana a 2022 da Legas a 2024. Moro Ojomo, wanda aka haifa a Legas, yana cikin 'yan Eagles da suka ɗaga kofi a 2025.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. An shafe shekaru jami'o'i na kwasar biliyoyi, ɗaliban da ke zubar da gumi ba su da komai sai gurbin karatu. Sai a 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince kowace jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara. Ga kuma illar gware da kai, wadda wani likita ɗan Najeriya, Dokta Bennet Omalu, ya fito da ita fili a 2005, da ya nuna yadda take lalata ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa.

Ina muka kwana?

Abin lura a nan shi ne, Amurkawa sun gane cewa in tushe ya bushe, reshe ba ya yin 'ya'ya, shi ya sa suka hana mai ƙarfi cinye kasuwar ƙarami. Jamhuriyar Nijar ta kama wani ɓangare na wannan hikima, domin tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, gasar kokawa ta ƙasa tana ɗebo gwanayenta ne daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha. Sai dai yaron da ke kada sa'o'insa a dandalin Ajekoriya, ƙarfinsa ba ya sama masa gurbin karatu, kuma sau da yawa sai ya zaɓi ɗaya, ko aji ko fage.

A Arewacin Najeriya kuwa, filayen wasa na makarantu da yawa sun koma shaguna da filoti, samarinmu sun koma gidajen kallo suna musu a kan ƙungiyoyin Ingila. Ba muna cewa a shigo da hular kwano da sulken Amurkawa ba ne. Muna da kokawa da dambe da langa da tamaula. Abin da muke kira gare shi shi ne hukumomin ilimi da na wasanni su keɓe wa makarantu ranarsu, gidajen rediyo su riƙa kawo sakamakonsu, jami'o'i irin su ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi su buɗe ƙofa ga yaron da ya haɗa ƙwazon karatu da na fage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu faɗa a ji su ji.