Garin neman gira: darasin takardar alminiyam a ƙarƙashin daɓe

Wanda ya saba da gidan da aka yi wa daɓen siminti a kan ƙasa sai ya ɗan yi tunani kafin ya gane fasalin tsofaffin gidajen ƙasar Niyu Zilan. Mafi yawansu na katako ne, kuma a ɗage suke. Yadda manomi ke ɗora rumbu a kan duwatsu don kada laima da gara su kai ga hatsi, haka su ma ake ɗora su a kan gajerun ginshiƙai. Tsakanin ƙasa da daɓen katakon akwai sarari mai duhu wanda mutum ba ya shiga sai da rarrafe ko jan ciki. Ta nan bututun ruwa da wayoyin lantarki ke bi. Ta nan kuma iska ke kaɗawa a watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin hunturunsu, har mai gida ya ji sanyi na ratsa tafin ƙafarsa alhali yana cikin ɗakinsa.

Tun daga shekarar 1978 dokar ƙasar ta wajabta a sa wa sababbin gidaje abin da zai riƙe ɗumi. Abin da magina suka fi amfani da shi a ƙarƙashin daɓe shi ne takardar alminiyam, mai kama da wadda ake naɗe abinci da ita, sai dai ta fi ta faɗi da ƙwari. A da, ana shimfiɗa ta a kan katakan da ke ɗauke da daɓe, a bar ta ta ɗan yi lilo tsakaninsu, sannan a buga daɓen a sama. A gidajen da aka riga aka gina kuwa, sai mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin gida, ya riƙa manna ta da ƙananan ƙusoshi irin na sitefila. Tana da araha, ba ta da nauyi, a lokacin kuma kowa na iya sa ta. Shi ya sa ta cika gidaje.

Ita wannan takarda ba ta aiki irin na bargo. Bargo yana riƙe iska ne a cikin gashinsa, iskar kuma ta hana ɗumi wucewa. Takardar alminiyam kuwa aikin madubi take yi: ɗumin da ke sauka daga daɓe ya ci karo da walƙiyarta, sai ya koma inda ya fito. Amma da sharaɗi biyu. Dole fuskarta ta ci gaba da sheƙi, kuma dole iskar da ke tsakaninta da daɓe ta zauna shiru ba motsi. A ƙarƙashin gida kuwa, duka biyun ba sa daɗewa. Ƙura tana sauka ta rufe sheƙin, laima tana dusashe shi, musamman a garuruwan bakin teku inda iska ke ɗauke da gishiri. Mai gyaran famfo ya zo ya yage ta don ya kai ga bututu, ɓeraye da kyanwa su ƙarasa sauran. Bayan shekara ashirin ko talatin, sai ka tarar da tsummoki suna reto, iska na shiga da fita yadda ta ga dama.

Da a nan matsalar ta tsaya, da da sauƙi. Alminiyam ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana ɗaukar wutar lantarki. Idan ƙusa ɗaya tak ta huda wayar da ke maƙale a jikin katako, takardar gaba ɗayanta ta zama waya, da ƙarfin bolt 230. Mutumin da ke aikin yana kwance ne a kan ƙasa mai danshi, a wurin da ba ya iya ko da miƙewa zaune, balle ya ja da baya. Mutum biyar suka rasa rayukansu ta haka a Niyu Zilan daga 2005 zuwa 2016. A maƙwabciyarta Ostireliya ma, shirin da gwamnatin Kevin Rudd ta fara a 2009 na sa wa rufin gidaje makarin zafi da sanyi ya ci rayukan matasa huɗu masu aikin, uku daga cikinsu wuta ce ta kama su. An dakatar da shirin a watan Fabrairun 2010, daga baya aka kafa kwamitin bincike a kansa.

Daga ranar 1 ga Yuli, 2016, hukumomin Niyu Zilan suka haramta sa takardar alminiyam a gidan zama wanda ya riga ya samu wayoyin lantarki. Haramcin ya haɗa har da gyara wadda take nan. Wato wanda ya ga tasa ta yage ba shi da izinin ɗaukar sitefila ya liƙe ta. Cirewa dai ba a hana ba, amma ita ma tana da ƙa'ida, domin takardar na iya kasancewa ɗauke da wuta shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da hannu ya taɓa ta.

To, me mai gida zai yi in ya so daɓensa ya yi ɗumi? Tambayar da aka fi yi ita ce ko za a iya cusa sabon makari a ƙarƙashin tsohuwar takardar a huta. Hanya mafi aminci ita ce a cire ta. Barin ta yana barin haɗarin wuta ga duk wanda zai shiga nan gaba, yana iya hana sabon makarin mannewa da daɓe, kuma laima na iya taruwa a jikinta ta ruɓar da katako a ɓoye. Kafin a taɓa komai, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a tabbatar ba wanda zai mayar da ita, a shiga da fitilar batir. Ya fi kyau a kira ƙwararren mai aikin lantarki ya gwada takardar, ya kuma duba wayoyin bayan an gama, ko akwai wadda tsohuwar ƙusa ta ji wa rauni. Takardar da aka shimfiɗa tun kafin a buga daɓe, ana yanke ta ne a hankali ta gefen kowane katako.

Sannan a zaɓi makari mai kauri wanda ba ya ɗaukar wuta. Akwai na foliyesta mai laushi kamar cikin katifa, akwai audugar gilashi, akwai na gashin tumaki, akwai kuma farin soso mai tauri irin wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Shi wannan na ƙarshe ba a so ya taɓa robar waya, domin a hankali yana lalata ta, sai an raba su. Ƙarfin kowane makari ana auna shi da lambar da ake kira R, kuma ƙa'idar gidajen haya a ƙasar ta sa 1.3 a matsayin mafi ƙaranci ga ƙarƙashin daɓe. Sai dai lamba ba ta aiki ita kaɗai. In an bar rata tsakanin makari da daɓe, ko ƙofofi a gefe, sanyi zai bi ta nan, kuɗi kuma sun tafi a banza.

Akwai kuma aikin da mutane ke rainawa saboda arha: shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasar da ke ƙarƙashin gidan. Ƙasa ko ta yi kamar ta bushe tana fitar da laima dare da rana, har kimanin lita 40 a yini a ƙarƙashin gida mai faɗin murabba'in mita 100. Laimar nan ita ke hawa ta kawo fumfuna da warin ruma, ta kuma sa ɗaki ya ƙi ɗumama. In ruwa na kwanciya a wurin ko bututu na yoyo, a fara da gyara su.

Wahalar tana biyan kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Wani bincike da Farfesa Philippa Howden-Chapman ta Jami'ar Otago ta jagoranta a gidaje 1,350, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa mazauna gidajen da aka sa wa makari sun samu sauƙin numfashi, yara sun rage fashin makaranta, manya sun rage fashin aiki.

Neman ɗumi neman lafiya ne, ba mai jayayya da hakan. Waɗanda suka mutu a ƙarƙashin gidajen nan ma shi suka je nema. Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido. Duk wanda zai rarrafa ƙarƙashin daɓe, ko ya hau cikin silin inda ƙarfe da waya ke maƙwabtaka, hannunsa ya fara zuwa kan makunni kafin ya kai ga kayan aiki.