Dalilin da ya sa jijiyar da ta tsinke ke jinkirin warkewa a jikin dattijo

A yankunan Ɗambatta, Bichi, Makoɗa da Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma akasarin aiki da hannu ake yin sa, lokacin kaka lokaci ne na raunuka. Lauje, adda da injin sussuka kan yanki yatsu ko wuyan hannu. Sau da yawa fata takan haɗe cikin makonni biyu, amma yatsu su ci gaba da mutuwa, mutum ya kasa riƙe fartanya. Alama ce ta cewa yankan ya taɓa jijiyar saƙo, wadda ta bambanta da jijiyar jini: ita ce ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin zafi da taɓi.

Jijiyar hannu ko ta ƙafa tana iya sake toho. Tun a 1850 masanin Ingila Augustus Waller ya nuna, ta gwaji a kan kwaɗi, cewa sashen jijiyar da ya rabu da tushensa yakan ruguje. Bayan rugujewar, ƙwayoyin halittar da ke lulluɓe jijiyar, waɗanda ake kira ƙwayoyin Schwann, sukan sauya aiki: su share tarkacen, su jeru kamar kunya a gona, sabon zaren jijiya ya bi ta kansu. Tafiyar tana da nawa, kimanin milimita 1 a rana, wato kusan inci ɗaya a wata. Wanda ya yanke a wuyan hannu zai iya jiran wata shida kafin ji ya kai kan yatsa.

Ƙwayoyin gado ne ke ba da umarnin wannan gyara. Ɗaya daga cikinsu, mai suna c-Jun, ita ce ke tayar da ƙwayoyin Schwann su fara aikin. A 2014 masana a birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin Clifford Woolf, sun gano cewa a jikin tsofaffin ɓeraye zaren jijiya bai rasa ƙarfin toho ba. Ƙwayoyin Schwann ne ke nawar share hanya. A 2021 kuma ayarin Kristjan Jessen da Rhona Mirsky a Landan ya nuna cewa c-Jun ba ta tashi sosai a jikin tsohon ɓera, kuma da aka ƙara yawanta sai tohon ya koma kamar na ƙarami. Sun ga irin wannan rauni a jijiyar da aka daɗe ba a haɗa ta ba, ko da ta ƙaramin ɓera ce. Ke nan tsufa da jinkiri illa iri ɗaya suke yi wa jijiya.

Waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi aka yi su, ba su zama maganin da ake bai wa mutane ba tukuna. Sai dai darasinsu ya dace da abin da likitocin tiyata suka daɗe da sani. Tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samu saƙo ba takan ƙanƙance, kuma ko jijiyar ta iso daga baya, da wuya ta sake motsi. Shi ya sa ake son a ɗinke jijiyar da ta tsinke cikin kwanaki, aikin da sai manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dattijon da ya tsaya yana jiran hannu ya dawo da kansa yana ƙara wa jijiyar nauyi biyu ne, na shekaru da na ɓata lokaci.

Haka lamarin yake game da kuturta, cutar da asibitin Yadakunya a ƙaramar hukumar Ungogo ya shahara wajen kula da ita. Ƙwayar cutar ƙwayoyin Schwann ɗin nan take shiga, shi ya sa alamarta ta farko takan zama tabo a fata wanda ba ya jin taɓi. Maganinta kyauta ne tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma lahanin jijiya da bai wuce wata shida ba yana iya gyaruwa da magani. Wanda ya daɗe shi ne ke kai mutum ga ƙuna da gyambon da ba ya ji, har yatsu su lalace.

Ƙwaƙwalwa da laka kuwa lamarinsu daban ne. Ba su da ƙwayoyin Schwann, kuma zarensu ba ya sake toho mai nisa. Wannan ne ya sa cutar shan inna, wadda ke kashe ƙwayoyin jijiya a cikin laka, ke barin nakasa ta dindindin, rigakafi kaɗai ke tare ta. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma yakan samu sauƙi ne idan sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suka koyi aikin waɗanda suka mutu, abin da motsa jiki a hannun ƙwararru ke taimakawa.

Saboda haka, duk wanda ya ji rauni ya ga yatsa ya daina ji ko ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya lura da tabon da ba ya jin taɓi, ya kamata ya nufi asibiti a makon da ya lura, musamman idan shekarunsa sun ja.