Bayan lamba 118 sai me? Abin da ya kamata ku sani kan iyakar sinadarai da iyakar sama

Wani dare da aka ɗauke wuta muna zaune a ƙofar gida a Vinikilang, ɗan ƙanena da ke shirin jarrabawar kammala sakandare yana haska bayan littafinsa da fitilar waya. Jadawalin sinadarai ne a wurin, gida-gida kamar dara. Ya ɗora yatsa a gidan ƙarshe na kusurwar dama ya ce, "Baffa, me ya sa aka tsaya a 118? Takarda ce ta ƙare ko sinadaran ne suka ƙare?" Kafin in buɗe baki ya ɗaga kai sama ya ƙara da cewa, "Ita ma saman nan, ina ta ƙare?" Bai san cewa tambayoyin nan biyu 'yan uwan juna ba ne.

Mu fara da takardar. A 1869 wani malamin kimiyya ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin bisa nauyinsu da halayensu. Inda jerin ya ƙi daidaita sai ya bar gurbi, ya ce akwai mai wurin, ba a dai gano shi ba tukuna. A 1875 aka gano galiyom, a 1886 aka gano jamaniyom, kowanne ya shige gurbinsa daram. Sai a 1913 wani matashi Bature ɗan Ingila, Henry Moseley, ya gano ainihin abin da lambobin ke nufi. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai ƙwayoyin da ake kira furoton, kuma yawansu shi ne lambar sinadarin. Haidurojin ɗaya, oksijin takwas, baƙin ƙarfen da maƙera ke dukawa 26, kuzar Jos 50, zinari 79, dalma 82, yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Nijar 92. Da zarar an ƙara furoton guda, sinadarin ya zama wani daban. Don haka tambayar yaron a zahiri ita ce: furoton nawa za a iya cusawa a cibiya ɗaya ba ta tarwatse ba?

A nan ne maganar take da daɗi. Furoton duk cajinsu iri ɗaya ne, saboda haka ture juna suke yi. Abin da ke riƙe su wani ƙarfi ne mai tsanani amma gajeren hannu, wanda ba ya kamo sai na kusa da kai. Ku ɗauki gidan da kowa ke ƙaunar maƙwabcin ɗakinsa kawai, amma yana jin haushin duk wanda ke cikin gidan, na kusa da na nesa. In mutum biyar ne za a zauna lafiya. In suka kai ɗari, ƙaunar ba ta ƙaru sosai ba, ƙiyayyar kuwa ta ninku. Akwai masu sulhu a cibiyar, wato niyuturon, waɗanda ba su da caji, suna shiga tsakani suna ƙara danƙo. Amma ko su akwai inda ƙoƙarinsu ya tsaya. Dalma ce ta ƙarshe da ke zaune daram. Duk abin da ya haura ta, a hankali ko da sauri, rushewa yake yana komawa wani sinadari mai sauƙi.

Yuraniyom yana rushewa, amma cikin natsuwa: rabin nau'insa mafi yawa yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin ya sauya, kusan shekarun ita kanta ƙasa. Shi ya sa har yau ake samunsa a cikin duwatsu. Na gaba da shi kuwa, in ban da ɗan ɓurɓushi, ba a haƙo su, ƙera su ake yi. Wanda ke lamba 118, oganeson, an fara samar da shi a 2002 a garin Dubna na Rasha. Aka ɗauko kalifoniyom mai lamba 98, aka yi ta harbinsa da kalsiyom mai lamba 20 wata da watanni, da fatan biyu za su manne. Ƙwayoyin da aka taɓa samu duka ba su kai goma ba, kuma kowace cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan take watsewa. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ido ko ya riƙe shi a kwalba. Daga tarkacen da ya bari ake gane ya zo ya wuce, kamar yadda mafarauci ke karanta sawu. Mutanen Japan sun shafe shekara tara kafin su tara ƙwaya uku kacal ta lamba 113. A Nuwamban 2016 aka tabbatar da sunayen huɗun ƙarshe, 113 da 115 da 117 da 118, layi na bakwai ya cika.

Tun 2018 masanan Japan ke harbin kuriyom mai lamba 96 da banadiyom mai lamba 23 suna neman 119, wanda zai buɗe layi na takwas. A Amurka kuma masana sun sa 120 a gaba. Wasu na hasashen cewa akwai wani tudun tsira a gaba, inda in aka dace da niyuturon 184 za a sami masu nauyi da za su ɗan daɗe. Ƙa'idar dai ita ce, sai cibiya ta rayu aƙalla kashi ɗaya cikin tiriliyan 100 na sakan, lokacin da za ta iya tara ilektiron a kewayenta, kafin a kira ta sinadari.

Akwai kuma katanga ta biyu, wadda ni ta fi ba ni mamaki. Ilektiron da ke kewaya cibiya, gwargwadon yawan furoton ɗin cibiyar gwargwadon gudunsa. Na haidurojin yana gudun kashi ɗaya cikin 137 na gudun haske. Na can cikin zinari ya haura rabin gudun haske, kuma wannan gudun ne ke sauya yadda zinarin ke shan haske har ya fito da launinsa ruwan ɗorawa, alhali azurfa fara ce. Awarwaron zinarin da amarya ke sanyawa a Jimeta shaida ce a hannu. To, babu abin da ke wuce haske gudu. A lissafi mai sauƙi, ke nan jadawalin zai ci karo da bango a lamba 137. Da aka gyara lissafin aka sa faɗin ita cibiyar, bangon ya matsa zuwa wajen 173. A ganina cibiyar za ta gaza tun kafin a je can.

Gudun hasken nan shi ne ya kai mu tambaya ta biyu. Haske na cin kilomita 300,000 a sakan guda. Daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, hasken da ke shiga idonku yau ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, zamanin Mai Idris Alauma na Barno, tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 da fiye da ƙarni biyu. Duk mai kallon sama tsohon labari yake kallo.

Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. Saboda haka akwai wuraren da haskensu bai riga ya iso ba, yana hanya. Mazauna tsallaken gadar Binuwai sun san wannan a aikace. In hazo ya sauka sosai a watan Janairu, ka tsaya bakin Binuwai ta wajen Vinikilang, Jimeta sai ta ɓace maka, ka juya baya Dutsen Bagale ma babu shi. Ganinka ne ya ƙare, ba gari ba. Mutumin da ke tsaye a Jimeta shi ma yana tsakiyar tasa da'irar. Haka iyakar sama take: iyakar abin da ya iso mu ce, ba gaɓar da za a je a leƙa ba.

Nisan wannan iyaka kuwa ba tafiyar haske ta shekara biliyan 13.8 ba ce, wajen biliyan 46 ce ta kowace fuska. Dalili shi ne sararin da kansa buɗewa yake. Edwin Hubble ya nuna a 1929 cewa garken taurari na nesa nisantar mu suke, kuma mafi nisa ya fi sauri. Ku kwaɓa ƙullin burodi ku barbaɗa masa riɗi ku rufe. In ya kumbura, kowace ƙwayar riɗi ta yi nesa da 'yar uwarta ba tare da ta motsa daga inda take ba. Wurin da ya aiko mana haske tun farko, kafin saƙon ya iso, ƙullin ya riga ya kai shi can gaba. A 1998 kuma aka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi. Ma'anarsa akwai garken taurarin da hasken da suke fitarwa yau ba zai taɓa riskar mu ba har abada.

To ko a can nesa akwai wasu sinadaran da ba sa cikin takardar ɗan ƙanena? Muna da shaida a nan gida. Ranar 3 ga Agusta, 1974, wani dutse mai nauyin kusan kilo biyar ya faɗo daga sama a Mayo Belwa. Kafin shi, a Oktoban 1962, wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, wanda daga baya aka tabbatar daga duniyar Mirrihu ya fito. Da aka bincika su, maganiziyom ne da silikon da oksijin da ƙarfe da danginsu, duk 'yan cikin jadawali. Taurarin da ba a iya taɓawa kuma, haskensu ake tsagawa launi-launi, kowane sinadari yana barin layukansa kamar tsagen fuska. Ta haka aka gano hiliyom a jikin rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a ƙasa.

Can sama ne ma aka dafa su. Da farko haidurojin da hiliyom ne kusan kaɗai. Taurari ke haɗa masu sauƙi su zama masu nauyi, har su kai baƙin ƙarfe, inda wutar ke daina samun riba, babban tauraro ya rufta ya fashe. Zinari da yuraniyom sai da tashin hankalin da ya fi wannan. Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urori suka kama karon wasu gawarwakin taurari biyu, masu faɗin kilomita 20 kacal amma kowanne ya fi rana nauyi, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. A hasken tarkacensu aka ga alamun sinadarai masu nauyi ana ƙera su nan take.

Abu ɗaya ya rage da na gaya wa yaron, wanda ya sa ya ajiye wayar. Duk abin da ke cikin gidajen nan 118, da mu da kogin da rana da Kaza da 'Ya'yanta, kusan kashi biyar cikin ɗari ne na abin da ke cikin sararin samaniya. Kimanin kashi 27 wani abu ne da ba ya fitar da haske, ta jan da yake yi wa taurari kawai aka san da shi. Sauran kashi 68 shi ne abin da ke hura ƙullin yana ƙara masa saurin kumbura. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke da gida a jadawalin.