Tan Talatin a Bayan Direba

Direbobin tirela da ke bin hanyar Akwanga zuwa Jos ba sa wasa da Hawan Kibo. Hawan kansa wahalar inji ce kawai, mota ta yi ta nishi har ta kai sama. Gangarowa ce abin tsoro, domin a nan ne kayan da ke baya suke daina bin mota, su koma tura ta.

Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin ƙarfenta. Duk wannan yana rataye ne da kan motar ta wani ƙarfe guda da ke shiga cikin faifan da ke bayan ɗakin direba. Wannan mahaɗa ce ke ba ta damar karya kwana, ita ce kuma lagonta. Idan aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin bayan kai suka ƙame, bodi zai ci gaba da turowa har motar ta naɗe kamar askar wanzami. Daga nan sitiyari ba shi da sauran amfani.

Shi ya sa gogaggen direba yake sa babbar giya tun bai fara gangara ba, ya bar inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki daga sama har ƙasa zai gasa shi, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Na tirela da iska yake aiki, saboda haka yawan dannawa da saki ma yana rage iskar tanki. Sau da yawa abin da ake kira “birki ya ƙwace” ya samo asali ne tun daga kan tudu, ko ma daga tasha, inda ba a duba tiyon iskan da ke haɗa kai da bodi ba.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan tagwayen hanyoyi, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Mai bin hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare shi zai faɗi yadda ake bin dokar. Lissafin dai ba ya sauyawa: in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka huɗu.

Lodi ma yana da nasa hali. Siminti yana zaune inda aka ajiye shi. Shanun da aka ɗauko daga Maigatari ko Potiskum zuwa Legas kuwa suna motsi, a kwana su karkata gefe ɗaya, ga kuma fasinjojin da ke zaune a samansu, abin da bai kamata a ce har yau ana yi ba. Tankar da ba ta cika ba ta fi su rikici, don mai yana tambal-tambal a ciki, yana dukan gaba idan an taka birki.

A cikin gari kuma matsalar kwana ce. Tayoyin bayan bodi ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke ta ciki. Dole direban da zai karya dama ya fara buɗewa hagu. Ɗan acaba ko mai adaidaita sahu sai ya hangi fili a dama ya kutsa, alhali nan ne bodin zai biyo, kuma daga kujerar direba ba lalle madubi ya nuna shi ba.